Mazarƙwaila a Bakin Rumbu

Gazara,
ran Laraba da hantsi.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ladi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kun tashi lafiya, ke da maigidanki Malam Audu da jikana, abokin faɗana Bala, ina fata kuma gajiyar ɗaurin kaya ba ta yi muku yawa ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Allah ya sa takardar nan ta same ku a Makarfi kafin ku hau mota ran Asabar, ya kai ku Zariya lafiya, ya sauke ku Kafanchan lafiya, ya sa wannan canjin wurin aiki da reluwe ta yi wa mijinki ya zama alheri gare ku duka.

Kin ga na rubuta sunanki. Tun da aka haife ki bai taɓa fita daga bakina ba, ko na yanka ko wannan na rana, don ke ce 'yar fari, haka kuma muka tarar ana yi. A takarda sai abin ya zo mini da sauƙi, na rubuta shi na zauna ina kallonsa.

Da gangan kuma na rubuta da boko. Na san halinki. Da ajami ne, da kin karanta ke kaɗai, kin ninke, kin cusa ƙarƙashin tabarma, magana ta mutu ke nan. Bokon nan da na koya da furfurata a ajin manya ba ki iya shi ba, dole mijinki ya karanta miki. Malam Audu, ka yi haƙuri, na san abin da nauyi, mutum ya zauna yana karanta tonon asirin surukinsa. Ka daure ka kai ƙarshe, kada ka tsallake ko layi ɗaya, don rabin maganar taka ce.

Ladi, kuncinki na hagu ya kumbura. Shekaranjiya da kika zo mana sallama na gani. Kin ja mayafi kin rufe wajen, kina gaishe ni kina juya mini dama. Da aka kawo dambu a gefe ɗaya kike tauna, da aka miƙo miki moɗa daga randa kika kurɓa kika runtse ido kika ajiye. Ƙamshin kanumfari kuwa tun daga zaure na ji shi. Irin wannan kumburin, a irin wannan wurin, shi ya kashe uwarki. Ni kuma me na ce miki? Na ce, “Allah ya kiyaye hanya.” Sannan na sa aka ɗauko kwandon mazarƙwaila aka ba ki guzuri. Kaico! Kwana biyu ke nan ina tsine wa wautata, shi ya sa na ɗauki fensir.

Bari in fara da nawa bakin, tunda shi kowa ke gani. Lokacin da aka kawo injin matse rake ƙasar nan, irin wanda doki ke juyawa, ina cikin na farko da suka kafa shi a fadamar Gazara. Ba yabon kai ba, daga nan har Kudan ba wanda ya kai ni iya dahuwar mazarƙwaila. Mutane na tambayata sirrin, ni kuwa in yi dariya. Ba wani sirri, haƙori ne. In ruwan rake ya tafasa a kasko ya fara kauri, wasu launi suke dubawa, wasu yadda yake zuba daga ludayi. Ni sai in ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ɗauka in ciza da turmi, haƙorin can baya. In ya narke, da saura. In ya kama haƙori ya riƙe har sai na yi da gaske kafin in buɗe baki, to a sauke a zuba a tasoshi. Kowane kasko sai na ciza sau huɗu, sau biyar, tun hantsi har faɗuwar rana, tun kaka har saukar ruwa. Tsakanin kasko da kasko kuma rake ne a hannuna ina ɓarewa da haƙori, ga wuƙa a ƙuguna amma ƙyuya ta hana ni zare ta.

Ban taɓa kurkure baki don wannan ba. In dawo gida baki na danƙo, in ɗora tuwo a kai, in kwanta haka. Yau haƙora bakwai suka rage mini, biyu ma suna girgiza. Ran babbar salla in ana rabon nama sai ka ji an ce, “A ware wa Baba hanta, ita yake so.” Ni kuma in gyaɗa kai. Ƙarya ne, wallahi tsoka nake so, mai jijiya ma. Tsire sai dai in ji ƙamshi in wuce. Gasasshiyar masara na manta ɗanɗanonta. Abin da ya fi ba ni haushi, ga ni da fadamar rake guda, amma in ina sha'awarsa sai an tara mini ruwan a ƙoƙo kamar majinyaci.

Abin da na gane, bayan ganewar ta daina yi mini amfani, shi ne daɗewar zaƙi a baki ta fi yawansa ɓarna. Wanda ya sha kunu mai zaƙi kwano guda ya kurkure baki ya fi wanda ya yini yana tsotsar ɗan mitsitsin abu. Inda za ku garin ma'aikata ne, na ji an ce da shayi ake karyawa, da farin sukarin kanti, da burodi mai liƙewa a haƙori, ga alewar Turawa a kowane teburi. Ban ce kada ku sha ba, ni wa zan hana shan zaƙi? Amma a sha shi tare da abinci, a gama a tashi, a bi shi da ruwa a wuce wurin. Kada ya zama abin rage zaman banza tsakanin azahar da la'asar.

Wannan ni na yi wa kaina, kuma da a kaina ya tsaya da da sauƙi.

Kina tuna bakin rumbun nan na kusa da turken awaki? Tun kina tatata, in kin hango ni na shigo sai ki taho da gudu ki rungume mini ƙafa. Ni kuwa sai in ɗaga kai in dubi wani wuri kamar ana kirana, in tsaya ƙiƙam har uwarki ta zo ta ɓamɓare ki. Sau ɗaya na manta na shafa kanki, kakarki, Allah ya jiƙanta, ta gani. Ta ce, “Iro, ba ka da ta ido? 'Yar fari, a tsakar gida, rana tsaka?” Tun daga ranar ban ƙara ba. Amma ina son ki, Ladi, so mai tsanani, kuma ban san inda zan kai shi ba. Sai na yi dabara. Kullum in na taso daga fadama sai in kankaro ƙanzon kasko, wanda ya fi kowanne danƙo da daɗi, in dunƙula, in ajiye a bakin rumbu in wuce, ban kira ki ba, ban dube ki ba. In na shiga zaure sai in leƙa ta kafar zana, in ga kin zo kin yi ɗage kin ɗauka kin cusa a kumatu. Wannan leƙen shi ne daɗin yinina gaba ɗaya. Da damina ma, da ba a matsa, ina da ajiya a tulu don kada rana ta wuce ki je ki tarar ba komai.

Uwarki ta yi magana, kada in zalunce ta. Ta ce, “Malam, yarinyar nan fa da abin nan a baki take barci, har tabarma na danƙo.”

Na ce, “Ƙyale ta, wa ke raba yaro da zaƙi?”

Bayan wani lokaci ta sake cewa, “Malam, haƙoranta na gaba sun fara baƙi.”

Na ce, “Haba, ai za ta yi famfara, su zube wasu su fito.”

Suka zube ɗin, wasu suka fito, ni kuma ban daina ba har ranar da aka kai ki ɗakin miji. Duk abin da na kasa faɗa miki da baki shi na riƙa ba ki a dunƙule, kuma shi ya huda miki haƙora. Sau nawa na gan ki kina 'yar budurwa kin dafe kunci a bakin murhu, na sani sarai, amma na wuce, don uba ba ya tsayawa yana tambayar 'yar fari lafiyar bakinta. Ki yafe mini wannan.

Yanzu ga Bala, shi ma ɗan fari ne, na kuma ga yadda kike masa, in ya jingina da ke a gaban mutane ki ture shi kina kallon gefe. Ki riƙe kunyar suna in kina so, ban ce ki zama abin nuni ba. Amma bakinsa ba ruwan kunya. Kowace safiya ki kama haɓarsa ki sa ya buɗe, ki duba har can ciki. Ki daddaka kan ɗan asuwaki ya yi laushi ki goge masa da hannunki, safe da kafin ya kwanta, har ya iya da kansa. Kada ki ce na yarinta ne za su zube, wannan maganata ce, kin ga inda ta kai mu. In yana rigima kada a toshe masa baki da alewa, a ba shi gwanda, ko dafaffiyar gyaɗa, ko ɗan dankali, ko a bar shi ya yi kukansa ya gaji. In kuwa sonsa ya cika miki zuciya kin rasa yadda za ki yi, ki ja shi ɗaki inda ba kowa ki goya shi, ya fi. Af, kuma ki laluba aljihun 'yar rigarsa. Shekaranjiyan nan ma na cusa masa dunƙule a ɓoye, tsohon banza ba ya jin magana. In ya yi kuka ki ce kakansa ne ya ce a karɓe, mun saba faɗa ni da shi.

Kin san Buba, Bafulatanin da ke sauka bayan fadama da rani, wanda shanunsa ke cin ganyen rakena. Sa'ana ne, in ma bai girme ni ba, amma har yau in ya yi dariya ba ka ganin giɓi ko ɗaya. Kullum da itace a bakinsa, yana tafe bayan shanu yana goga. Shekara da shekaru ina tsokanarsa.

“Buba, yunwa ce ta sa ka cin itace? Zo in ba ka abin daɗi.”

Sai ya ce, “Kaɗo, ci abinka. Za mu haɗu da kai a gaban ƙwaryar nama.”

Mun kuwa haɗu, bara, a wajen sunan jikarsa. Ya yanko hanta da kansa ya ajiye a gabana, yana dariya da ido. In na ba shi mazarƙwaila yakan karɓa, ya kai wa iyalinsa a ajiye don baƙi. Shi abincinsa fura da nono ba zaƙi, da tuwo da ganye. Ni kuwa asuwakina na Juma'a ne, shi ma goga biyu a na gaba waɗanda mutane ke gani. Malamai sun sha faɗa mana a yi asuwaki a kowace alwala, na ɗauka maganar lada ce kawai, na ce ladan da nake samu a wasu wurare ya isa. Ashe har da lafiyar baki a ciki.

Malam Audu, wannan naka ne. In kun sauka, kafin ka nemi inda ake sayar da kananzir ka nemi inda za ka sami asuwaki, marke ko kirya, in babu ko reshen darbejiya ya yi. Kada gidanku ya rabu da shi. A goge kowane haƙori ciki da waje, musamman turame na can baya inda abinci ke maƙalewa, a hankali ba da mugunta ba, kada a ji wa dasashi ciwo. Kada kowa ya saƙace haƙori da allura ko ya fasa goruba da shi don nuna ƙarfi. Cefane kuma kada albashi ya ruɗe ku ku koma cin kayan kanti. Nono, wake, kifi, miyar kuka, zogale, rama, su suka riƙe bakin mutanen da. Na lura duk bazara, in ɗanyen ganye ya yanke mana, sai dasashina ya riƙa jini, in an shiga damina ya daina. An ce ƙasar da za ku akwai lemo da yawa, ku riƙa sha.

To, Ladi, na yi ta kewaye-kewaye, yanzu dole in zo kan maganar uwarki. Kina amarya a Makarfi abin ya faru, da kika iso an riga an rufe ta, aka ce miki zazzaɓi ne. Ni na ce a faɗa miki haka. Akwai zazzaɓi kam, amma ba shi ne farko ba.

Uwarki mace ce mai son kwalliyar baki. Kullum haƙoranta jawur da furen taba da goro, ni kuma ina yabawa, duk ran kasuwa sai na ƙullo mata goro. A ƙarƙashin jan nan ba wanda ya ga baƙin da ke cin turminta, har ita kanta. Ana tsakiyar matsar rake ta ce mini haƙori na damunta. Na ce ta sa kanumfari. Bai yi ba, na kawo garin taba da kanwa aka cusa a kogon. Bai yi ba. Ran kasuwa sai na taho da wani mai maganin tsutsar haƙori har gida. Ya zuba 'ya'yan gautan kura a kan garwashi, ya sa ta buɗe baki a kan hayaƙin, ga ƙwaryar ruwa a ƙasa. Can sai ga wasu 'yan farare-farare suna yawo a ruwan. Ya nuna da tsinke ya ce, “Ga su nan, har da uwarsu. An gama.” Muka yi ta kabbara. Na kama masa zakara, na raka shi har bakin hanya ina godiya.

Ciwon ya lafa kwana biyu, sai kunci ya tashi. Na kira wanzami don ya cire, ya duba ya ce bakin ba ya buɗuwa yadda zai sa ƙarfe, sai ya yi mata ƙaho a kumatu ya tafi. Wani maƙwabcinmu da ya yi soja ya tare ni a ƙofar gida ya ce, “Iro, kai matar nan asibitin Zariya yau. Na ga irin wannan a bariki, allura ake yi.”

Kin san me na ce masa? Na ce, “Bari in gama da wanda aka sare.”

Rake in an sare shi ba ya jira, kwana uku ya fara tsami, mazarƙwailarsa ba ta kamawa. Na sa an sare gona guda, ga shi a jibge a bakin inji. Na ce a raina haƙori ne kawai, wa ya taɓa mutuwa don haƙori? Ban ma aika miki ba, don ban ɗauke shi ciwon da ake aike a kansa ba. Kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ya sauka wuya, jiki ya yi zafi, kunu ya daina wucewa, har yawu ya gagare ta haɗiya. Ina ganin wannan duka da safe in fita, da yamma in dawo in tarar ya ƙaru, in ce gobe in Allah ya kai mu. Rana ta huɗu da azahar ina tsaye a bakin kasko, sai ga gwaggonki, ƙanwata, ta taho fadama da kanta ba ko mayafi. Da na iso numfashi take ja da ƙyar. Aka fita neman jakin da zai kai ta bakin hanyar mota, kafin a ɗaura masa akumari ta cika. Ba a yi kiran la'asar ba.

Mutane suka ce ajali, na kuma yarda, ba mai wuce ranarsa. Amma Allah ba zai tambaye ni ajali ba, kwana huɗun nan zai tambaye ni. Raken ya fita lafiya, ko sanda ɗaya bai yi tsami ba, ni kuwa shekara biyar ke nan ban daina jin kunyar kaina ba.

Ga abin da ya ƙara mini. Bayan shekara biyu nawa muƙamuƙin ya kumbura. Kin ga na jira? Ina! Rana ta biyu ina kan mota. Da abin ya zo kaina na san hanyar Zariya sarai. Aka yi mini allura, kumburi ya saɓe, aka sa maganin da ya kashe wurin aka cire haƙorin, zafin bai kai na cizon kunama ba. Malamin asibitin da ya duba ni Bazazzagi ne mai fara'a, na ba shi labarin tsutsa, ya yi dariya har ya dafa bango.

Ya ce, “Baba, ba wata tsutsa. Ɗan tsiron da ke cikin ƙwayar ne ke fitowa in ta ji wuta, ko ba baki a wurin haka za ka gan su a ruwa. Zaƙi da sauran abincin da ke kwana a baki su ke ruɓar da haƙori. Ruɓa ta kai saiwa sai ta tara mugunya. In ba a cire ba, mugunyar ta nemi hanya da kanta, wani lokaci ta gangara wuya ta toshe numfashi.”

Na ce, “To, wanda ya yi kwana huɗu da kumburin, da an kawo shi rana ta biyu fa?”

Ya daina dariya ya dube ni. Ya ce, “Rai na Allah ne, Baba. Amma da yawa muna sallamarsu su koma gida da ƙafarsu.”

Na yi masa godiya, na fito na zauna a gindin wata bishiya a harabar asibitin, da auduga a bakina, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Masu wucewa na ta yi mini sannu, sun ɗauka zafin cirewa ne.

Na san abin da ke hana ki magana. Kina jin mata na cewa in an cire haƙori ido na raunana. An cire mini, kuma ga shi da idon nan nake rubutu. Kina tsoron giɓi, kina ganin yarinya kamarki a ce ta fara zubar da haƙora. Turmi ne, can ciki, ba mai gani. Ko da ma na gaba ne, Malam Audu, ajiye takardar nan ka faɗa mata da bakinka cewa giɓi ba zai dame ka ba. Faɗa mata yanzu, zan jira. Kuma na san kina ganin ga mijinki da hidimar tashi, ga kaya, ga yaro, bai kamata ki ƙara masa da naki ba. Wannan halin uwarki ne kika ɗauko, haƙuri har ya wuce wuri, ni kuma na ci amfanin wannan haƙurin na bar ta ta mutu. Kada ki ba kowa wannan damar a kanki, ko da mutumin kirki ne.

Malam Audu, ka ce kuna da kwana biyu a Zariya kafin jirgin ƙasa. Daga tashar mota asibiti za ku wuce, kafin gaishe-gaishen dangi, kafin kasuwa, kafin ma a kwance kaya. Amma ka duba ta yau ɗin nan. In kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko jikinta da zafi, ko bakinta ba ya buɗuwa yatsa biyu su shiga, kada ka jira Asabar, ku hau motar da ta fara tashi, kaya su biyo ku. Kada ka bari mai hayaƙi ko mai ƙaho ya taɓa ta, ko wa ya kawo shi. Kafin ku isa ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ba magani ba ne, rage zafi ne kawai. In likita ya ce ta kwana, ta kwana. In jirgi zai tafi ya bar ku, ya tafi, akwai wani. In kuma aikin ne ba zai jira ba, ka dawo in raba fadama biyu in ba ka rabi, da gaske nake. Na ba ka ita da hannuna, ban taɓa roƙonka komai ba, yau ina roƙo.

Kwandon mazarƙwailar nan kuwa kada ya shiga jirgi. Ku ba masu masaukinku a Zariya, a riƙa sawa a kunu ana sha ana wucewa. In an cire haƙorin nan ku sa a duba sauran, kuma daga yanzu duk haƙorin da ya fara tsami da ruwan sanyi a kai shi tun bai yi kogo ba.

Saura abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Safiyar ranar da uwarki ta rasu, na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ban ma shiga ba, na ce, “Ya jikin?” Ta daɗe tana kokawa da bakinta kafin ta fitar da magana. Ta ce, “Da sauƙi.” Ina ganin wuyanta, na san ba sauƙi, amma abin da nake so in ji ke nan, sai na karɓa na ce, “Madalla,” na kama hanyar fadama. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Don haka kada ki aiko mini da “da sauƙi”. Kada mijinki ya rubuto mini cewa an gode Allah jiki ya yi kyau, ba zan yarda ba, na san yadda muke yi wa juna. Haƙorin nake so. In an cire, ki roƙe su su ba ki, ki ƙulle a ɗan tsumma, a ba direban motar Makarfi ya kawo mini, in kwance in gani da idona.

Allah ya ba ki lafiya, 'yata, ya yaye miki wannan ciwo. Allah ya tsare ku a mota, ya tsare ku a jirgi, ya haɗa ku da maƙwabta nagari a inda ba ku san kowa ba. Allah ya raya Bala, ya yi wa Malam Audu albarka, ya jiƙan uwarki ya sa ta yafe mini. Allah ya sa ɗan ƙullin tsumman nan ya riga kowane labari isowa gare ni. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Iro Mai Rake.